Shuɗiyar Filasta a Bayan Gwaggo

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana ɗaga mutane. A takarda an rubuta mata "mai taimaka wa nas", amma idan aka cire kwalliyar suna, aikinta ɗagawa ne. Ita ke juya marar lafiya kada kwanciya ta ci masa jiki, ita ke cicciɓo shi daga gado zuwa keke, ita ke canja zanin gado da mutum a kai ba tare da ya farka ba. A asibitin, daga maigadi har babban likita, ba mai kiran ta da sunan yanka. Wata nas ce ta laƙaba mata Gwaggo tun tana da ƙuruciyarta, saboda yadda take yi wa masu jinya faɗa idan suka cusa kwanuka a ƙarƙashin gado, sunan kuwa ya zauna daram.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, da hannuwa irin na birkila. Da shara ta fara. Wata rana wani ƙaton mutum ya zame a banɗaki, nas biyu suka yi cirko-cirko a kansa, ita kuwa ta jingine tsintsiya ta sa hannu a hammatarsa ta miƙar da shi. Washegari aka karɓe tsintsiyar aka ba ta farar riga. Tana alfahari da abu guda, kuma ba ta ɓoye shi: a duk shekarun nan ba ta taɓa yar da kowa ba.

Mijinta tela ne, shagonsa a ƙofar gida. Mutum ne mai sanyin magana da son zolaya, wanda zai iya ɓata rabin yini a kan aljihun riga ɗaya don kawai bai zauna masa daidai ba. 'Ya'yansu huɗu duk sun girma sun kama gabansu. Idan Gwaggo ta dawo aiki tana dafe da ƙugu, yakan ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Yau nawa kika ɗauka?" Ita kuma ta ce, "Malam, ban ƙirga ba, amma duk sun fi ka nauyi." Ciwon baya ba baƙonta ba ne. Irin wanda yakan zo da yamma ne, a gasa shi da ruwan zafi, ya tafi kafin safe.

Sai lifta ta mutu.

Asibitin bene ne hawa uku. Ɗakin tiyata da ɗakin karɓar marasa lafiya suna ƙasa, ɗakunan kwanciya suna sama. Lifta ɗaya ce tak, kuma ita ke ɗaukar komai: mutane, tukwanen iskar numfashi, kayan wanki, abinci. Wata Talata ta yi ƙara ta tsaya tsakanin hawa na ɗaya da na biyu. Aka zo aka fito da mutanen ciki, aka manna takarda a ƙofa cewa ana gyara, a yi haƙuri.

Aka yi haƙuri sati ɗaya. Aka yi na wata ɗaya. Takardar ta naɗe ta faɗi, aka buga sabuwa.

Duk abin da liftar ke ɗauka ya dawo kan ma'aikata shida, maza da mata, har da Gwaggo. Abokin ɗaukar Gwaggo shi ne Dogo, wani dattijo siriri mai furfura, wanda ya fi ta daɗewa a asibitin da shekara biyu. Shi ke kama gaban gadon ɗauka, ita ta kama baya, don haka idan ana hawa, nauyin duk kanta yake gangarowa. Matakala arba'in da huɗu ce zuwa hawa na uku, da kwana uku masu matsi, inda sai an ɗaga gadon sama da ƙarfen dafawa kafin ya juya. Wata rana su hau sau tara, wata rana sau goma sha biyar.

Manajan asibitin sabo ne, bai shekara ba. Kullum cikin kwat, kullum da waya a kunne, kuma ofishinsa a ƙasa yake, kusa da ƙofar shiga. Sau uku Gwaggo tana tare shi a hanya.

"Yallaɓai, liftar nan fa?"

"Gwaggo, ana kai. Ƙarfen da ya lalace ba a samun sa a nan kusa."

"To a ƙaro mana hannu kafin a samu."

"Za mu duba."

A wata na huɗu ciwon ya daina tafiya da safe. Ya zauna mata a kwankwaso kamar an soka mata ƙusa, idan ta sunkuya sanya takalmi sai ta yi salati. Ba ita kaɗai ba. Dogo ya fara tafiya a karkace. Ɗaya daga cikin matan ta yi kwana uku ba ta zo ba. Suka haɗu su shida suka rubuta takardar koke, suka sa hannu, Gwaggo ta kai da kanta.

Bayan sati biyu aka kira su taro. Gwaggo har da sanya sabon ɗankwali, don ta ɗauka za a faɗa musu ranar gyara. Suka tarar an jera kujeru, an kunna majigi, ga lemo a kan tebur. Kusa da lemon ga wani kwali cike da naɗaɗɗun abubuwa masu launi, shuɗi da ruwan hoda da baƙi.

Manaja ya miƙe ya gyara kwat. Ya ce hukumar asibiti ta ji kukansu, kuma lafiyar ma'aikaci ita ce gaba da komai. Ya ce an kawo musu abin zamani, filasta ce mai talewa, irin wadda manyan 'yan ƙwallo da 'yan tsere ke mannawa a jiki. Ya nuna hoton wani ƙaƙƙarfan ɗan tsere da shuɗin layi a cinya.

Gwaggo ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, shi wannan bawan Allah mutum nawa yake hawa da su bene a rana?"

Aka kwashe da dariya. Manaja ma ya yi, irin ta dole, ya ce Gwaggo ba ta rabo da barkwanci. Ba barkwanci take yi ba. Zuciyarta tafasa take yi. Wata huɗu suna ɗaukar ƙarti a kafaɗa, amsar da aka ga ta dace da su ke nan: ƙyalle mai danƙo da lemo mai sanyi. Aka miƙa wa kowa naɗi biyu, aka ce su ɗaga sama su yi murmushi, wani ya ɗauki hoto. Aka zagayo da takarda kowa ya sa hannu cewa ya halarci horo.

Wadda aka ɗora wa nuna musu yadda ake mannawa ita ce likitar gashin ƙashi ta asibitin, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, mai tabarau, marar yawan magana. Ta kai matan wani ɗaki daban. Gwaggo ta shiga tana cika tana batsewa.

"'Yata, ke ma da ke aka haɗa baki a raina mana hankali?"

Likitar ta rufe ƙofa kafin ta amsa. "Gwaggo, zan faɗa miki gaskiya kamar yadda na faɗa wa Manaja. Filastar nan ba ƙarya ba ce. Wasu tana rage musu zafi, tana tuna wa jiki yadda zai tsaya, kuma ba ta hana motsi. Amma ba ta ɗaukar kaya. Ba ta warkar da abin da ake ƙara ɓatawa kullum. Abin da bayanki ke buƙata shi ne hutu da motsa jiki a hankali, da a daina ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa."

"Kin faɗa masa haka?"

"Har a rubuce."

"Ya ce me?"

"Ya ce in yi aikin da aka sa ni."

Gwaggo ta juya baya ta ɗage riga. Likitar ta goge wurin ya bushe, ta sa ta sunkuya gaba ta dafa tebur. Ta yanki guda biyu masu tsawon kamu ɗaya da rabi, ta zagaye kusurwoyin da almakashi don kada tufafi su ɓamɓare su. Ta manna su a tsaye, ɗaya dama da ƙashin baya ɗaya hagu, daga saman ɗuwawu zuwa sama. Ta yanki na uku ta ɗan ja tsakiyarsa ta gitta shi daidai inda ciwon yake, ta bar bakunan ba ja. Ta murza da tafin hannu har wurin ya yi ɗumi. Ta ce a bar shi kwana uku ko huɗu, ana iya wanka da shi, idan ya fara ƙaiƙayi ko fata ta yi ja a cire, kuma a cire a hankali.

"Idan kuma kika ji ciwon ya gangara ƙafa, ko ƙafar ta yi sanyi kamar ba taki ba, kada ki manna komai. Ki zo wurina a ranar."

Abin da ya fi ba Gwaggo haushi shi ne abin ya yi aiki. Ba warkewa ba, amma ƙusar nan ta ɗan dakushe. Ta so a ce bai yi komai ba, ta je ta jefa wa Manaja kayansa a kan tebur. Sai ga shi ta sa takalmi da safe ba ta yi salati ba.

Mutum ba ya iya manna wa kansa abu a baya, don haka aikin ya faɗa kan Malam. Ranar farko ya fito da tef ɗin awo a wuya da alli a hannu.

"Malam, ba riga za ka ɗinka min ba."

"Ke dai tsaya. Ni ban taɓa yanka abu ban auna ba."

Ya auna, ya sa alama, ya zagaye kusurwoyi da almakashin ɗinki har suka fi na likita kyau. Ya manna, ya ja da baya ya ƙare wa aikinsa kallo, ya ce na hagu ya fi na dama tsawo da rabin inci, sai an sake. Gwaggo da ke sunkuye dafe da kujera ta ce idan ya taɓa shi za su ɓata. Daga ranar ya koma kiran ta 'yar ƙwallo. Idan ta fito za ta tafi aiki sai ya ce, "Allah ya ba da sa'a, a ci musu uku." Takan yi tsaki, amma takan yi dariya idan ta sha kwana.

Dariyar ba ta daɗe ba. A wata na shida ta nemi hutun rashin lafiya na sati ɗaya. Shugabar nas-nas ta ce ba a hannunta yake ba, ta tura ta wurin Manaja. Shi kuwa bai ko ce ta zauna ba.

"Gwaggo, ai an ba ku filasta."

"An ba mu."

"Kuma na ji an ce tana aiki."

"Tana rage zafi, yallaɓai. Ba ta rage matakala."

"Yanzu idan na ba ki, sauran biyar za su zo. Wa zai ɗauki marasa lafiya? Ki ƙara haƙuri. Idan taki ta ƙare ki je sito a ba ki wata."

Ta fito tana jin kunnuwanta suna zafi. A nan ta gane amfanin filastar a wurinsa. Kafin a kawo ta, idan suka ce bayansu na ciwo, dole ya sunkuyar da kai. Yanzu yana da amsa a aljihu.

Akwai abin da Gwaggo ta ɓoye, kuma daga baya ba ta musa ba. Kwana goma kafin abin ya faru, ta fara jin wani zugi yana bin bayan cinyarta ta hagu har zuwa ɗan yatsa. Ta tuna maganar likita sarai. Amma ranar an yi tiyata biyar, ɗaya daga cikin matan ba ta zo ba, kuma ta san ko ta je, takardar hutu za a rubuta a kai wa mutumin da ya riga ya hana. Ta ce wa Malam ya ƙara gitta mata guda. Ya ce, "Anya kuwa?" Ta ce ya manna kawai.

Ranar Alhamis da hantsi aka fito da wani tsoho daga tiyata. An yi masa aikin ciki, yana da jiki, bai gama farfaɗowa ba. Dogo ya kama gaba, Gwaggo ta kama baya, wata nas na biye da su riƙe da ledar ƙarin ruwa. Suka wuce hawa na ɗaya. A kwana ta biyu, inda ake ɗaga gadon sama, Dogo ya ce, "Ɗaga." Ta ɗaga.

Ta ji wani abu ya tsinke a kwankwasonta, wuta ta bi ƙafar hagu ta sauka, ƙafar ta lanƙwashe. Gadon ya rinjayo kanta. Ba ta saki ba. Ta durƙusa a kan matakala, ta tokare ƙarfen gadon da kafaɗa da ƙirji, tsohon yana zamowa a hankali har tafin ƙafarsa ya taɓa wuyanta.

"Gwaggo, saki! Na riƙe!" in ji Dogo.

"Ba ka riƙe ba. Kira mutane."

Nas ɗin ta ƙwalla kira. Kusan minti biyu Gwaggo na durƙushe a haka, gumi na ɗiga daga haɓarta, kafin masu jinya maza uku suka sauko suka karɓa. Tsohon ko ɗinkinsa bai motsa ba. Ita kuwa da aka ce ta tashi, ta kasa. A kan wannan gadon aka dawo aka ɗauke ta, aka sauko da ita. Tana kwance tana kallon rufi, tana ce wa masu ɗaukar, "Ku lanƙwasa gwiwa, ba baya ba."

Hoto ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanta ya fito ya danne jijiya. Aka ce ba sai an yi tiyata ba tukuna, amma sati shida ba ɗauka, ba sunkuyo. Likitar gashin ƙashi ta zo gefen gadonta ta tsaya.

"Yaushe ya fara sauka ƙafa?"

Gwaggo ta kau da kai. "Kwana goma."

Likitar ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Wannan ya fi wa Gwaggo faɗa ciwo.

Tana sati na huɗu a gida aka yi waya aka ce ta zo ta karɓi takarda. Malam ya rufe shago ya raka ta, tana dogara sanda. Sakatariyar Manaja ta miƙo ambulan ba ta yarda sun haɗa ido ba. Suka fito zauren jira, Malam ya sa tabarau ya karanta mata a hankali. Takardar ta ce hukumar asibiti ta yi baƙin cikin abin da ya faru. Ta ce bincike ya nuna an ba ma'aikaciyar horo da kayan kariya, kuma ga sa hannunta. Ta ce raunin ya samo asali ne daga shekaru da kuma rashin bin ƙa'idar da aka koyar. A ƙarshe aka ba ta shawara ta yi tunanin ajiye aiki don lafiyarta. Kalmar lifta ba ta fito ko sau ɗaya ba.

"Sake karanta wurin ƙa'ida," in ji Gwaggo.

Ya sake.

Sai ta ɗago kai, idonta ya sauka a bangon da ke kusa da matacciyar liftar. An kafa wani ƙaton allo mai sheƙi wanda babu shi da. Hoton ranar taron ne. Ga ta nan a tsakiya da sabon ɗankwalinta, riƙe da shuɗin naɗi a sama, baki a buɗe kamar mai murna. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan asibiti yana kula da masu kula da ku.

Malam ya ga fuskarta ya ce, "Mu tafi gida."

"Ba ni almakashinka."

Tela ba ya fita ba almakashi a aljihu. Ya ciro ya ba ta. Ta buɗe jaka ta fito da ragowar naɗin. Ta dogara sanda har gaban liftar, ta yaye takardar haƙurin nan, ta goge ƙofar da gefen mayafi. Ta yanki biyu dogaye, ta zagaye kusurwoyi. Ta manna ɗaya dama da tsagar ƙofar, ɗaya hagu. Ta yanki na uku ta ja tsakiyarsa ta gitta. Ta murza da tafin hannu.

Zauren cike yake da masu jiran likita. Hira ta ɗauke. Wata mata ta ce, "Baiwar Allah, me kike yi?"

"Magani nake mata. Wata takwas tana ciwo. A nan gidan da wannan ake warkar da komai."

Ta danna maɓallin kira, ta tsaya tana jira da gaske. Wani ya fashe da dariya, wasu suka ciro waya. Manaja ya fito da sauri.

"Gwaggo, wane irin abu ne wannan? Cire shi yanzu!"

"A'a, yallaɓai, kwana uku ake bari. Ko ban bi ƙa'ida ba? Duba da kyau. Biyu a tsaye, ɗaya a gicciye. Idan ba ta tashi ba, to shekaru ne."

"Ki shigo ofis mu yi magana."

"Sau huɗu ina zuwar maka da magana. Yau a nan za a yi ta." Ta gyara tsayuwa a kan sanda. "Shekara ashirin da uku ina ɗaukar iyayen mutane a gidan nan. Na ɗauki mai amai, na ɗauki mai jini, na ɗauki gawa. Ban taɓa yar da kowa ba. Ranar da bayana ya tsinke ma ban yar ba. Kai ko jakarka direba ke shigo maka da ita. Kai ne za ka rubuta min cewa ban iya ɗauka ba? Ka hana ni hutun kwana bakwai, ka sa hotona a bango ina dariya, sannan ka ce in tafi gida don lafiyata? Yau ka san da lafiyata?"

Daidai lokacin Dogo da wani abokin aiki suka fito daga lungun tiyata da mutum a kan gado. Dogo ya tsaya ya ji ƙarshen maganar. Ya dubi matakala, ya dubi Manaja. Suka ajiye gadon a hankali a ƙasa.

"Yallaɓai," in ji Dogo cikin ladabi, "hawa na uku za shi. Ga gaba, ga baya, zaɓi wanda ya fi maka sauƙi. Akwai filasta a sito."

Hayaniyar ce ta fito da mai asibitin, tsohon likitan da ya gina wurin, wanda yanzu sau biyu a sati yake zuwa duba tsofaffin marasa lafiyarsa a wani ɗaki na ƙasa. Ya dubi ƙofar liftar, ya dubi wayoyin da mutane suka ɗaga sama, ya tambayi abin da ke faruwa kamar yau ya fara jin labari. Gwaggo ta san ya sani. Ta gaban ƙofar nan yake wucewa duk zuwa. Likitar gashin ƙashi ta ratso mutane ta ce ta rubuta takarda uku a kan wannan magana, kuma tana da kwafin kowace. Ta faɗa a fili, kowa ya ji.

Mai asibitin ya roƙi Dogo su kai marar lafiyar sama saboda Allah, ya sa aka ƙara musu mutum biyu. Dogo ya kai, don mutumin ba shi ya yi musu laifi ba.

Kwana goma sha ɗaya aka yi aka gyara liftar. Ƙarfen da aka ce ba a samu, ashe a cikin garin yake. Mai gyaran ya faɗa wa maigadi cewa tun watan farko ya kawo bayanin abin da ake buƙata, aka ce ya jira. Wannan labarin, da ya iso kunnen Gwaggo, ya hana ta cin abincin rana.

Takardar ajiye aiki aka ce ta manta da ita, an yi kuskuren rubutu. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri da bakinsa, ba wanda ya rubuta. Allon dai an sauke shi. Da ta dawo aka mayar da ita ɗakin zannuwa a ƙasa, inda take zaune a kujera mai jingina tana ninke zanin gado da rigunan tiyata. Ƙafarta ta hagu ba ta dawo daidai ba, yatsu biyu har yau ba ta jin su sosai. Tana yin motsa jikin da aka koya mata kullum da safe, tana mita tana yi.

Manaja yana nan. A ƙarshen shekara ma aka faɗaɗa masa ofis. Likitar gashin ƙashi ce aka ce ba za a sabunta mata aiki ba, wai ana rage ma'aikata. Ranar da za ta tafi ta leƙo ɗakin zannuwa da kwalin littattafanta a hannu. Gwaggo ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yata, ni na ja miki." Likitar ta ce a'a, ita ta ja wa kanta, kuma da za a sake, da ta fi haka ɗaga murya tun farko. Ta buɗe ɗan wurinta a wata unguwa, ɗaki biyu da gado ɗaya. Duk wanda ya yi wa Gwaggo kukan baya, a asibiti ko a unguwa, can take tura shi, har da kwatancen mota.

'Ya'yanta sun taru sun ce ta bar aikin haka nan, za su riƙe ta. Malam ma ya sa baki, ya ce ta zo ta riƙa sa masa maɓalli a shago, ga inuwa ga hira. Har ta fara saukowa. Sai sakatariyar nan ta tsegunta mata cewa Manaja ya ce a bar ta, zaman ninkin zani zai ishe ta, da kanta za ta tafi kafin shekara ta zagayo.

Gwaggo ta dawo gida ta ajiye jaka ta ce wa Malam ya nemi mai sa maɓalli. Shekara huɗu suka rage mata ta kai lokacin ritaya, kuma ta ce sai ta cika su cif, ko da rarrafe ne. Ta riga ta ci biyu. Kullum ƙarfe bakwai da rabi tana wucewa ta gaban ofishinsa, ta ƙwanƙwasa gilashin da kan sanda, ta ce, "Yallaɓai, an tashi lafiya? Na zo."